Hoda mai haske daga gorar roba: abin da ta gani a ruwan Zariya da abin da ba ta gani ba

Binciken digirina na biyu a fannin kemistiri ya fara ne da tsintar gorunan ruwa. Na kai wa malamin da ke duba aikina jerin sinadaran da nake so a yo mini odarsu daga waje, ya duba farashin, ya ajiye takardar a gefe, ya ce, "Malama, rabin abin da kika rubuto nan yana zube a kwata. Je ki tara gorar roba, wadda aka buga wa lamba 1 a gindi. Sauran mu san yadda za mu yi."

Abin da nake son haɗawa yana cikin dangin wasu sinadarai da ake kira MOF. Ana ɗaukar ƙwayoyin zarra na wani ƙarfe a ɗaure su da juna da wasu sinadarai masu siffar sanda, sai ginin ya tashi kamar rumfunan kasuwa da aka kafa wa shika-shikai aka ɗora azara amma ba a zuba kaya ba: tsari ne mai maimaita kansa, cikinsa fili. A akasarinsu faɗin rami bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ruwa, iskar gas ko wata guba za su iya shiga waɗannan ramuka su zauna. Richard Robson ne ya fara nuna hanyar a Ostireliya a 1989, Susumu Kitagawa na Japan ya nuna a 1997 cewa iska na iya shiga ta fita ba tare da ginin ya rushe ba, Omar Yaghi kuma ya fito da MOF-5 a 1999. Su ukun ne aka ba kyautar Nobel ta kemistiri ta 2025. Yaghi a birnin Amman aka haife shi a 1965, cikin iyalin 'yan gudun hijirar Falasɗinu, a unguwar da ruwan famfo ba ya zuwa sai an jima, kuma daga baya ya yi amfani da irin wannan gini ya tatsi ruwa daga iskar hamada. Wannan tarihin nasa ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ƙwarai.

Dalilina na shiga wannan fanni shi ne Zamfara. Ina ƙaramar sakandare a 2010 aka yi ta jin labarin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na'urar da ke auna ƙarfe a cikin ruwa ko ƙasa babba ce, tana buƙatar wuta da gas da ƙwararren ma'aikaci, kuma ba a ƙauye take ba. Burina shi ne 'yar takarda da za a ɗiga wa ruwa, a haska ta da fitila, ta nuna ko akwai matsala.

Gora ba abin banza ba ce a Zariya, domin masu zoɓo da kunun aya suna sayen masu kyau. Mu sai muka koma kan waɗanda suka motse ko suka fashe. Ƙannena suka taya ni tarawa a Tudun Wada, muka cire murafu da takardun jiki, tunda su wata roba ce dabam, muka wanke muka yayyanka da almakashi ƙanana-ƙanana. Robar da ke ɗauke da lamba 1 sunanta PET, kuma a cikinta ne sinadarin terefitalik yake, wanda shi ne sandar da zan yi ginin da ita. A lissafi, giram 100 na wannan roba yana ɗauke da kusan giram 86 na sinadarin. Aikin shi ne a kwance ɗaurin.

Da soda ake kwancewa, irin wadda masu yin sabulu ke saye a kasuwar Sabon Gari. Ana narka ta a cikin ruwa da itanol, wani nau'in barasa, a zuba yankakkiyar robar, a dafa a zafin digiri 80 cikin tulun gilashi mai dogon wuya da ruwan sanyi ke zagayawa, don tururin ya riƙa komawa ciki. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda kowa ke kira Baba, bai bar ni na taɓa kwalbar soda ba sai da na sa tabarau da safar hannu. Ya ce, "'Yata, soda in ta shiga ido ba ta jiran a kai ki asibiti." Bayan wasu awoyi robar ta narke, ruwan ya yi kauri. Na tace, na bar shi ya huce, sannan na riƙa ɗiga asid a hankali, dangin ruwan batir amma tsaftatacce. Da tsamin ya kai inda ake so, sai farin abu ya riƙa fitowa yana kwantawa a ƙasa. Shi ne terefitalik. Na wanke shi da tataccen ruwa sau da yawa har gishiri ya fita, na busar a tanda.

Ƙarfen da zan ɗaure da shi ba a tsintarsa a kwata. Sunansa tabiyum, ɗaya daga cikin ƙarafan da ake kira masu wuyar samu, wanda Carl Gustaf Mosander ya gano a Suwidin a 1843. Shi da ɗan uwansa yurofiyum su ne ke ba da kore da ja a dogayen ƙwayayen lantarki na da, kuma akasarin wanda ake sayarwa a duniya daga Sin yake fitowa. Gishirinsa ya iso mana cikin 'yar kwalbar da ba ta cika tafin hannu ba, bayan dogon jira, kuma kuɗinta ya fi na duk sauran kayan aikin in an haɗa. Saboda haka kowane awo sai na yi lissafinsa a takarda Malam ya duba kafin in buɗe murfin.

Na zaɓi wannan haɗin ne da gangan. MOF-5 ya fi shi shahara da yalwar ramuka, amma laima kaɗai tana rusa shi, to ina amfanin ma'aunin ruwa da ruwa ke kashewa? Haɗin tabiyum da terefitalik, wanda ayarin Yaghi ya bayyana shi ma a 1999, a cikin ruwa ake yin sa, ba wuta ba matsi. Ana narka terefitalik da soda daidai gwargwado, a narka gishirin tabiyum a wani kofi, a haɗa kashi biyu na ƙarfen da kashi uku na sandar. Wurin da ake taka-tsantsan shi ne sodar: in ta yi yawa ko kaɗan, tabiyum zai rabu da sandar ya kama sodar, a samu farin laka marar amfani. Don haka a wannan matakin Malam ya hana ni ta kasuwa, ya ce sai tsaftatacciya, kuma sai na tabbatar ruwan ya tsaya tsaka-tsaki, ba tsami ba kaifi. Ina zuba ɗaya cikin ɗaya farar hoda ta sauko nan take. Na juya, na tace, na shanya. Muka aika kaɗan aka haska ta da na'urar da ke duba tsarin ƙwayoyin zarra, zanen da ya dawo ya yi daidai da wanda aka sani na wannan haɗin.

A ido, hoda ce fara kamar kowace. Fitilar da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita ba ta tayar da ita, domin haskenta na nanomita 365 ne, sandar terefitalik kuwa gajeren haske take sha. Sai fitila mai nanomita 254, wadda ke ƙona ido da fata in an yi sakaci, kuma haskenta ba ya ratsa gilashi na yau da kullum, don haka a buɗaɗɗen faranti ko a kan takarda ake dubawa. Baba ya rufe tagogi, na kunna fitilar, hodar ta kama kore shar. Baba ya ce, "Ikon Allah, wannan daga gorar ruwa?" Ni kaina na daɗe a tsaye ina kallo.

Yadda hasken ke samuwa shi ne ginshiƙin aikin duka. Tabiyum shi kaɗai ba ya iya shan haske sosai. Sandar ce ke sha, ta miƙa masa ƙarfin, shi kuma ya fitar da shi a matsayin kore mai nanomita 545. Yurofiyum ja yake fitarwa, wajen nanomita 615. Duk abin da ya shiga tsakani, ko ya tare hasken kafin ya isa ga sandar, ko ya sace ƙarfin kafin ƙarfen ya fitar, zai sa hodar ta dusashe. Dusashewar ita ce saƙon da ake karantawa.

Gwajin laima shi ne ya fi ba ni daɗi, kuma shi ne ya fi tafiya daidai. Ƙwayar ruwa in ta manne wa yurofiyum, girgizar da ke tsakanin oksijin da haidurojin ɗinta tana shanye ƙarfin ta mayar da shi zafi, sai jan ya ragu. Tabiyum bai cika damuwa da hakan ba. Sai na sake haɗa wata hodar mai tabiyum da yawa da yurofiyum kaɗan. A cikin ginin, kowane ƙarfe biyu suna riƙe da ƙwayar ruwa huɗu, in aka gasa a tanda sama da digiri 100 kaɗan sai ruwan ya fita ya bar gurabe. Busasshiyar hodar a ƙarƙashin fitila launin lemo take bayarwa mai karkata zuwa ja, in ta sake shan laima sai ta koma ruwan ɗorawa mai karkata zuwa kore. Amfanin launi biyu shi ne ba a dogara da ƙarfin fitila ko yawan hodar ba, ana gwada ja da kore ne da juna. Don in san laimar da nake aunawa, na yi amfani da tsohuwar dabara: gishirin girki da aka jiƙa har ya ƙi narkewa, in aka rufe shi a kwalba, yana tsayar da laimar iskar ciki a kashi 75 cikin ɗari. Wani gishirin na maganiziyum yana tsayar da ita a kashi 33. Na yi akwati da kwali, na shafe cikinsa da baƙin fenti, na huda wurin fitila da wurin kyamarar waya, ina ɗaukar hoto ina karanta yawan ja da kore.

Yanayin Zariya ma ya zama mini ɗakin gwaji. A tsakiyar hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20, hodar da na fitar daga tanda sai ta yini tana riƙe da launinta. A watan Agusta kuwa, da laima kan kai kashi 80, kafin in gama shirya akwatin ta fara juyawa. Wannan ya sa na riƙa tunanin masara. Manomi yana gane bushewarta ne da haƙori, alhali in danshinta ya wuce kusan kashi 13 aka zuba a buhu, fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin tana samun wurin zama. Alamar da za a saka a rumbu ta nuna danshin iskar ciki abu ne mai yiwuwa, ko da yake fitilar 254 ba abin da za a miƙa wa kowa ba ce, sai an samu sandar da ke amsa haske marar haɗari.

Daga nan na koma kan guba, na fara da ƙarfen kuromiyum. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, amma manyan masana'antun fata irin na Challawa da Sharaɗa a Kano gishirin kuromiyum suke amfani da shi. Wanda suke zubawa nau'i na uku ne, mai sauƙin illa, sai dai yana iya rikiɗa ya koma nau'i na shida, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Na shafa hodar a kan takardar tacewa, na yanka ƙananan da'irori, na haɗa ruwan kuromiyum na shida a tataccen ruwa daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Sakamakon ya yi kyau: ina ƙara yawan gubar koren yana raguwa a jere, har ya mutu gaba ɗaya. Zanen da na fitar ya miƙe sambal. Na kai wa Malam ina murna. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Yanzu je ki ɗebo ruwan da mutane ke sha."

Na ɗebo na rijiyar gidan kakata a cikin birni, na fanfon burtsatse a Samaru, na kogin Kubanni, da na kogin Galma. Inna ta tsaya a bakin rijiyar tana kallona ina cika kwalba, ta ce, "Ke dai ki faɗa mini gaskiya, in akwai wani abu a ciki mu sani." Na ce, "In sha Allahu, Inna, abin da na gani shi zan faɗa."

Ruwan rijiyar ya rage hasken. Na Kubanni ya rage shi fiye da haka. In da zanena kaɗai zan bi, da na ce kuromiyum ya cika su. Amma akwai tsohon gwajin tabbatarwa, wani sinadari da ke juyawa ruwan shunayya in ya haɗu da kuromiyum na shida, kuma a kwalaben nan bai juya ba. Wani abu ne dabam ke kashe hasken. A rijiyar, baƙin ƙarfe ne. Ƙasarmu ja ce mai marmara, kuma duk wanda ya ajiye ruwan wasu rijiyoyin a bokiti ya ga jan da ke kwantawa ya san haka. A kogin kuwa ruɓaɓɓen ganye ne da sauran dattin da ya narke, wanda ke shan haske mai nanomita 254 sosai, har masu kula da ruwan sha suna auna irin wannan datti da wannan hasken kansa.

A nan ne na fahimci abin da ke faruwa a zahiri. Kuromiyum na shida ba shiga ramin yake yi ya kama wani abu ba. Launinsa rawaya ne, yana shanye hasken fitilar kafin ya isa ga sandar. Baƙin ƙarfe haka yake yi, ruwan ganye ma haka. Hodar tana cewa wani abu ya tare mini haske, amma ba ta faɗin sunansa. Na koma na sake karanta rahotannin binciken da na dogara da su, na lura da yawansu a tataccen ruwa aka tsaya, kuma sau da yawa hoda ɗaya ce ake cewa tana gano baƙin ƙarfe tana kuma gano kuromiyum, ba tare da an nuna yadda za a bambance su in sun haɗu a kofi ɗaya ba. Wannan ya dame ni, domin a ƙauye kullum a haɗe suke. Ma'aunin da zai tsorata mutane su bar rijiya mai kyau su koma kududdufi cutarwa ne, ba taimako ba.

Baƙin ƙarfen na samu hanyar rage shi. In aka kaɗa ruwan ya sha iska, aka ɗan ɗaga shi zuwa gefen kaifi kaɗan, ƙarfen yana dunƙulewa ya zama jan laka a tace shi, kuromiyum na shida kuwa akasarinsa ya wuce da ruwan. Na gwada da ruwan rijiyar Inna da na zuba wa sanannen adadin kuromiyum da hannuna, bayan tacewa karatun ya matso kusa da gaskiya. Na kogin ya fi taurin kai, domin abin da zai cire ruwan ganyen yakan tafi da wani ɓangare na gubar.

Sai kuma batun iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyum a ruwan sha a miligiram 0.05 a kowace lita, ta dalma kuma 0.01. A irin wannan ƙanƙanta, hasken da kuromiyum ke tarewa bai kai abin da ido ko kyamarar waya za su rarrabe ba. Takardata za ta iya nuna ruwan da masana'anta ta zubar, amma ba za ta iya wanke ruwan sha daga zargi ba. Dalma kuwa, wadda saboda ita na shiga aikin, ba ta da launi, ba ta tare hasken, kuma sandar terefitalik ba ta da wani hannu na musamman da zai riƙe ta. Na ɗiga ruwan dalma a kan takardar koren bai ko motsa ba yadda za a dogara da shi. Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Malam ya ce in rubuta wannan sakamakon da girman da na rubuta na laima, kada in tura shi ƙarshen babi, domin wanda zai zo bayana ya san inda hanyar ta toshe.

Wa Inna na faɗi abin da na sani kawai: jan da take gani baƙin ƙarfe ne, gwajin tabbatarwa bai nuna kuromiyum na shida ba, dalma kuma hodata ba ta iya ganinta, don haka na kai kwalba ɗaya aka auna a babbar na'ura. Na kuma ce mata duk wannan bai shafi ƙwayoyin cuta ba, tafasa ruwa da rufe rijiya suna nan a matsayinsu. Ragowar ruwan kuromiyum da dalma da na yi gwaji da su ban zuba a kwata ba. Baba ya ware musu jarkoki masu lamba, na kuromiyum muka fara mayar da shi nau'i na uku da sinadari kafin a ajiye.

Yanzu aikin ya koma kan sandar. Dalma da makuri suna son sinadarin kibiritu, don haka in aka samu sanda mai ɗauke da shi a gefenta, ƙarfen zai shiga ramin ya manne, canjin hasken ya zama nasa ne, ba na duk abin da ya gifta ba. Muna kuma duba wani ginin na ƙarfen zakoniyum da aka fara haɗawa a Jami'ar Oslo a 2008, UiO-66, wanda shi ma da terefitalik ake yin sa, yana jure ruwa ƙwarai, kuma nau'insa da aka maƙala wa sandarsa wani ƙaramin sinadari mai suna amino yana ba da shuɗin haske da fitilar duba kuɗi ta yau da kullum. Wannan zai raba mu da tsadar tabiyum da haɗarin fitilar 254 a lokaci guda. Sinadaran suna hanya, kuma a wannan karon jadawalin da muka tsara da Malam ya sa ruwan rijiya da na kogi a makon farko na gwaji, tare da tataccen ruwa.